Tafintan waya a makarantar yarana a Bronx: na ba shi bakwai cikin goma

Shekara biyu cur ɗana na fari ne tafintana a makarantarsu, ashe kura na ba ajiyar nama. Malama za ta yi ta bayani, tana nuna takarda da biro, fuskarta ba alamar wasa, in juya in ce masa, "Me ta ce?" Sai ya ce, "Ta ce ina ƙoƙari." In ce, "Duk dogon zancen nan?" Ya ce, "Haka Turanci yake, Inna, tsawo gare shi." Yaron da bai cika shekara tara ba. Sai daga baya na gane abin da baiwar Allah take ta nanatawa: wata biyu bai kai aikin gida ba.

Ni 'yar Maradi ce. A 2016 na biyo maigida New York da yara biyu, ta ukun a nan aka haife ta. Shi tasi yake tuƙawa, kuma dare yake yi, don haka duk wani zuwa makaranta a kaina ya faɗa. Ni kitso nake yi a wani shago kusa da titi na 125 a Harlem, kullum jirgin D nake hawa daga Grand Concourse in je in dawo. Karatun lakwal, wato boko, a CM2 na tsaya, ajin ƙarshe na firamare. Hausar bokon da nake rubuta muku da ita a littattafan Kano na goge ta, waɗanda muke karɓa haya muna 'yan mata. Turancina na shago ne: kuɗi kaza, zauna, kar ki motsa, ya yi zafi? Ya ishe ni neman abinci, bai ishe ni tsaya wa ɗana ba. Matan da suka zo bayana suna yawan tambayata batun tafintan nan da ake kira ta waya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya. Ba zan kama sunan makarantar ba, haka ma na kamfanin.

Abin kyauta ne, ko sisi ba a karɓa a hannunki. Kamfanin 'yan kasuwa ne, hukumar ilimi ke biyansa. Kina shiga ofis sai ki ce kina son tafintan Hausa. Ma'aikaciya ta buga wata lamba, ta faɗi harshen, ta buɗe lasifikar wayar ta ajiye tsakiyar tebur, a yi ta jira. In an dace sai murya ta fito, ta gaishe ku, ta faɗi lambarta ta aiki, ta ce duk abin da aka faɗa sirri ne, kuma a riƙa yanka magana gajere-gajere. Haƙƙinki ne, ba alfarma ake yi miki ba. Ƙa'idar makarantun birnin ma ta hana a sa yaron da bai kai shekara 18 ba ya yi tafinta a zaman da ake maganar karatun ɗalibi ko halinsa, wato daidai abin da aka yi ta yi da nawa, ba wanda ya ce uffan. A wani taron iyaye da aka yi mana a masallaci na ji cewa maganar harshe a makaranta ta daɗe a gaban shari'a: tun 1974, kan ƙarar yaran Sinawa na San Francisco, Kotun Ƙolin Amurka ta ce a zaunar da yaro a aji ana koya masa da harshen da ba ya ji, ba a yi masa wani tanadi ba, tauye masa haƙƙi ne. A 1982 kuma ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardun zama. Na kawo wannan ne saboda na san matan da ke jin tsoron buɗe baki a ofis, suna ganin neman tafinta zai ja a tambaye su takarda. Ni dai tun da nake zuwa ba a taɓa tambayata ba.

Kuskuren farko ranar rajista aka yi shi. Akwai takardar da ake cikawa, ana tambayar harshen da ake yi a gida. Wadda ta karɓe mu ta ga fasfo na Nijar, sai ta rubuta Faransanci, ni kuma na gyaɗa kai don kar in zama mai wahalarwa. Sakamakon haka duk lokacin da aka tuna a kira mini tafinta, mai Faransanci ake kira. Faransancina ya ishe ni gaisuwa da karanta allon kanti. Wani mutum ya taɓa yi mini bayanin sakamakon jarrabawa da irin Faransancin rediyo, ina ta cewa to, to, na fito ban riƙe komai ba sai kunya. Sai da jami'ar hulɗa da iyaye ta makarantar, wata 'yar Dominika mai kirki, ta lura cewa ba na taɓa yin tambaya, ta zaunar da ni muka gyara takardar. 'Yar'uwa, ranar rajista ki ce Hausa, ki tsaya ki ga an rubuta da idonki.

Kiran farko da aka yi mini da Hausa dariya ta kusa kuɓuce mini. Wata murya ce ta namiji, kakkaura, ta ce, "Ni ce malamar lissafi, ina farin cikin ganinki." Na dubi wayar, na dubi malamar. Ashe haka aikinsu yake, da bakin mai magana suke magana, ba sa cewa "ta ce". Kafin a tashi na saba. Abin da ban manta ba shi ne a ranar na fara jin cewa yaron yana da kai a lissafi. Shekara biyu ana faɗa, shi bai ga dalilin fassara mini ba, ko kuwa kunya ta hana shi.

Hausa kuwa ba ɗaya ba ce, kuma ba ke ke zaɓar wanda zai ɗauka ba. Mafi yawan waɗanda na samu 'yan Najeriya ne, daga jin bakinsu Kano ko Kaduna. Muna fahimtar juna, sai dai inda lakwal ta raba mu. Wata rana na ce, "Mushen bara ya fi kula da shi." Sai na ji shiru, can ya ce, "Hajiya, gafarta mini, wane mushe kuma?" Mu a Nijar mushe malamin lakwal ne, shi kuwa dabbar da ta mutu ba yanka ya ji. Allah ya sa ya tambaya bai fassara ba, da ban san fuskar da shugabar makaranta za ta yi ba. Wasu kuma rabin maganarsu Turanci ce aka sa mata hular Hausa, musamman in an zo kalmomin aiki irin na gwajin ƙwaƙwalwa da matakan karatu. In da na san kalmar da ban nemi tafinta ba. Yanzu na daina jin nauyi, nakan ce, "Malam, warware mini wannan da Hausar gida." Nagarin cikinsu sukan koma su tambayi malamar ma'anar, su dawo mini da ita. Sau biyu na samu ɗan Zangon Gana. Mutumin kirki ne mai haƙuri, amma Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. A hira ba komai. A zaman da ake son a san wa ya fara, yarinyar ko yaron, sai da na riƙa cewa a faɗi suna kowane karo.

Jira shi ne babban aibinsa. Mai Sifaniyanci ko ba a kira waya ba akwai ma'aikata a ginin da za su yi masa. Ni wani lokaci minti biyu, wani lokaci ashirin, ana ta kaɗa mana wani kiɗa, malama na duban agogo. Sau ɗaya an rasa mai Hausa gaba ɗaya, aka ce in dawo gobe, na yi asarar kitson rabin yini. A taron iyaye da malamai na Nuwamba da Maris abin ya fi ciwo, domin 'yan mintuna ake ba kowa, jiran waya ya ci wasu, fassara ta raba sauran biyu. Uwar da ke jin Turanci ta samu goma, ni na samu huɗu. Yanzu tun mako guda kafin ranar nake aika saƙo a shirya, kuma ina roƙon a sa ni a ƙarshe don kar a ce wani na jira. Sautin ma ba kullum yake fita ba. Akwai ranar da, ƙarfe 11 na safe agogon nan, na jiyo kiran sallar la'asar a bayan muryar tafinta, na gane bawan Allah yana can gida. Na so in tambaye shi ya zafi, ba hali.

Amma duk wannan na yafe saboda rana guda.

Yana aji bakwai aka kira ni ina tsakiyar kan wata mata, aka ce in zo yanzu. Na bar mata rabin kai a tsefe na kama jirgi. A ofis na tarar da mai kula da ladabtarwa, da wata malama, da yaron ya sunkuyar da kai. Wai ya hankaɗa wani yaro ya bugu da bango har leɓensa ya fashe, ana maganar dakatar da shi. Mutumin ya fara bayani da hannu da ka, na ce a'a, sai tafinta. Minti goma sha takwas muka yi muna kallon waya. Na ƙirga, don agogon yana gabana kuma ba inda zan kai idona.

Mace ce ta ɗauka, bakinta na wajen Katsina, kamar na gidanmu. Mutumin ya ce, ita kuma ta mayar mini: "Ko yanzu ya ƙi ya dube ni. Tun ɗazu nake masa magana yana kallon ƙasa, ban ga alamar ya damu ba." Na ce ni na koya masa haka, a wurinmu yaron da babba ke masa faɗa ya tsura masa ido shi ne fitsararre. Ta fassara. Sai ya ce ya lura ni ma ko sunan yaron na ƙi kamawa, sai "wannan", sai "yaron nan", shin fushi nake da shi har haka? Na rasa ta inda zan fara. Nan ta nemi izini, ta ce yanzu ita tafinta ce ke magana da bakinta, ta gaya masa cewa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari kuma ba ta yabonsa a gaban mutane, kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ta juyo ta gaya mini abin da ta faɗa masa, kalma da kalma, don kar a yi magana a bayan idona. Wannan shi ne aiki.

Sai na juya wurin yaron, na manta da waya, na ce masa da Hausa, "Kai, me ya kai ka? Mun zo ƙasar mutane ne don ka zama ɗan dambe?" Ban ankara ba sai na ji ta tana mayar da maganata Turanci, domin dokarsu ita ce duk abin da aka furta a ɗakin a fassara. Na ji kamar in nutse. Shi kuma ya amsa mini da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, ita tana biye da shi. Ya ce tun dawowa hutun ƙarshen shekara, in ya shiga ɗakin cin abinci wasu yara uku sai su fara kukan biri. Suna toshe hanci in ya wuce. Suna tambayarsa ko a kan itace aka haife shi. Ya gaya wa wani malami sau biyu, aka ce ya share su. Na ce don me bai gaya mini ba. Ya ce, "Kina dawowa a gajiye, Inna."

Mutumin nan ya ajiye bironsa. Da Turanci ya tambayi yaron wannan tambaya tun kafin in iso, yaron ya yi shiru. Da Hausa ya faɗa, ga uwarsa, waya ta kai kunnen wanda ya kamata ya ji. Da maƙwabciya na tafi da ita ta yi mini tafinta, na san da ta bar wannan tsakaninmu, ta ce maganar gida ce. Kuma da kafin Juma'a an ji labarin a wurin suna.

An hukunta shi, kuma daidai ne, don ya fasa wa ɗan mutane baki: kwana biyu yana karatu a wani ɗaki shi kaɗai. Amma an buɗe takardar ƙorafi. Jihar New York tana da dokar kare mutuncin ɗalibai da ta fara aiki a Yulin 2012, ta wajabta wa makaranta ta bincika in an tsangwami yaro saboda launinsa, ko asalinsa, ko addininsa, kuma kowace makaranta sai ta ware ma'aikacin da ke kula da wannan. Takardar da Turanci take. Mutumin ya karanta layi-layi, tafinta na mayarwa, ina amsawa. Mun kusa awa guda, ba ta nuna gajiya ba. Aka kira iyayen yaran, aka zaunar da su huɗun da mai ba ɗalibai shawara. Abin bai mutu a ranar ba, amma ya yi sauƙi ƙwarai. Na tuna 2014, ina gida tukuna, maigida ya bugo yana ba ni labarin wasu yara biyu 'yan Senegal, wa da ƙane, da aka yi wa duka a wata makaranta a nan Bronx ana kiransu Ebola. A lokacin na ɗauka labarin wasu ne.

Akwai abin da zan faɗa ko da ba daɗi. Yaran nan uku ba Turawa ba ne. Farar fata a makarantar sai an tona. Biyu baƙaƙen Amurka ne, ɗaya mai jin Sifaniyanci. Na kai wannan haushin shago, na juye shi a kan wata dattijuwa baƙar Amurka da nake yi wa kitso shekara da shekaru, da guntun Turancina da taimakon wata 'yar Gambiya da muke aiki tare. Kitson awa biyar ne, akwai lokaci. Ta bari na gama, sannan ta ce irin kukan nan ita ma an yi mata shi tana yarinya, yaran sun tsince shi ne a inda aka zubar. Ta ce ranar 3 ga Fabrairun 1964 uwarta ta hana ta zuwa makaranta, ranar da yara fiye da 400,000 suka ƙaurace wa makarantun birnin nan don a daina ware baƙaƙe a rubabbun gine-gine, shekara goma bayan kotu ta haramta wariyar a 1954. Ta ce in je ajin ɗana in ƙirga fuskoki in gaya mata abin da ya canza. Sannan ta ɗago ta dube ni ta madubi ta ce ta san mu ma 'yan Afirka muna da sunan da muke kiransu da shi in sun ba da baya. Na yi shiru ina ta kitsona, don gaskiya ta faɗa. Ita ce kuma ta gaya mini cewa sai a 2019 jihar ta yi dokar da ta hana a tsangwami ɗalibi ko ma'aikaci saboda kitso ko irin gashinsa. Sana'ar da nake ci da ita, ashe sai da aka yi mata doka.

Maki ukun da na rage, ɗaya na jira ne. Na biyu na takardu ne. Wasiƙun makaranta ana fassara su zuwa manyan harsuna, Sifaniyanci, Sinanci, Larabci, Faransanci, Urdu da sauransu, babu Hausa, tafintan waya kuma ba ya bin ki gida. Nakan ɗauki hoton wasiƙa in ba manhajar fassara, ta ba ni Hausar da sai na karanta sau uku in yi hasashe.

Na ukun shi ya fi ci mini rai, ko da yake rabin laifin ba na kamfanin ba ne. Tafinta abin da aka faɗa kawai yake ɗaukowa. Akwai manyan makarantun sakandare takwas na gwamnati a birnin nan da ake shiga da jarrabawa guda, ana yin ta da kaka in yaro yana aji takwas. Ɗaya daga cikinsu, Bronx Science, tana nan yankinmu, jirgin D ɗin da nake hawa yana kaiwa kusa da ita. Yaran baƙaƙe da masu jin Sifaniyanci sun kai wajen kashi biyu cikin uku na ɗaliban birnin, amma gurbin da suke samu a makarantun nan bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba. A 2019, cikin yara 895 da Stuyvesant, wata daga cikin takwas ɗin, ta ba gurbi, baƙaƙe bakwai ne. Wasu iyayen tun yaro na aji biyar suke biya masa darasin share fage. Ni na zauna da tafinta ya fi sau goma a kan yaron da aka ce yana da kai a lissafi, ba wanda ya ambaci jarrabawar nan sai ana saura 'yan makonni. Ya shiga ba shiri, bai samu ba. An fassara mini kowace kalma da aka furta, tsaf. Wadda ba a furta ba ce ta cuce mu.

Haka batun abinci. Tun 2017 abincin rana kyauta ne ga kowane ɗalibi, kuma akwai makarantun da ke da kicin na halal in iyaye sun nema ta hannun shugaban makaranta. Shekaru yarana suna tsince-tsince a tire, sai da na yi tambaya da bakina aka ce ai ana iya nema. Hutun sallah ƙarama da babba kam, da aka sa a kalandar makarantu tun 2015, wannan yara ba su bari ya wuce ni ba.

Ta biyu a yarana yanzu tana aji bakwai. A zaman Nuwamba na je da takarda a jaka, tambayoyi shida na rubuta da Hausa, na fari a kan jarrabawar nan da darasin share fage na kyauta da birnin ke ba wasu yaran. Wani ɗan Kano ne ya ɗauka, cikin minti uku. Da na ce ina da tambayoyi a rubuce sai ya ce, "To Hajiya, bismillah, ɗaya bayan ɗaya." Mun samu huɗu kafin lokaci ya ƙare, sauran biyun suna nan sai Maris.

Ranar Alhamis zan raka wata maƙwabciyata Bazabarma, ba ta daɗe da zuwa daga Dosso ba, ita ma an rubuta mata Faransanci. Mun nemi mai Zabarmanci tun makon jiya. In ba a samu ba za ta ce a kira mai Hausa, tana ji daidai gwargwado, ni kuma in cike mata inda ya gagara.